Abin da Malaman Farko Suka Bar wa Mai Haƙar Kabari

Ku matasan da kuka karɓi aikin maƙabarta, na ji abin da ake faɗa a kaina tun ranar da aka rufe Alhaji Mamman. Ana cewa tsufa ya taɓa mini hankali, na shiga rami na zauna na hana a binne mutum. Na shiga, ban musa ba. Gobe ma in kuka kai diga gindin tsamiyar nan zan sake shiga. Yara ne kwance a wurin, kuma muddin ina numfashi ba mai tone su. Amma tun da yawancinku ba ku san yadda abin yake ba, kuma ina da laifi a rashin sanin naku, na ga gara in rubuta. Karatuna ba shi da yawa. Firamare na yi a Bukkuyum, sai abin da na tsinta a zauren Liman. Sunana Bawa. Shekara arba'in da 'yan kai ina haƙar kushewa a garin nan, kuma ban taɓa jin an ce aikin nan rami ne kawai ba sai a bakinku.

Kabarin farko da na sa wa hannu na wata tsohuwa mai daddawa ne. Kawuna Ummaru, ƙanin Innata, shi ke haƙa a garin lokacin, da rani kuma ya yi haƙar rijiya. Aka kawo karan dawa daga gidan mutuwar, wanda aka auna tsawon gawar da shi, domin mu ba ma ganin mamaci, kara kawai ake kawo mana. Kawu ya miƙo mini ya ce in shimfiɗa a ƙasa mu ja layi. Na shimfiɗa shi gabas da yamma, ina jin na yi daidai tun da gabas ake fuskanta a sallah. Ya daɗe yana kallona.

"Kai Bawa, mi tsohuwar ga ta yi maka? So kake ta kwanta tana duban Sakkwato har tashin ƙiyama?"

Ya sa ƙafa ya juya karan ya koma kudu da arewa. Kai a kudu, in ji shi, a kwantar da mutum ta gefen damansa, sai fuskarsa ta duba gabas, wajen Anka. Ranar ban ƙara taɓa komai ba sai kwandon kwashe ƙasa, kuma a kan kwandon nan na yi wata uku.

Kayan aikin ba su da yawa: diga, shebur, dagi, gatari, kwando. Diga ta fasa ƙasa ce, ba ta gyara ba. Wanda ya gyara bangon kabari da diga zai tsattsaga shi, ruwan farko ya bi tsagar ya shiga. Dagi ke gyara bango, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Gatari na saiwa ne da saran itacen rufi. Kawu ba ya yarda da kowane itace. Ƙirya yake so, in babu sai marke, domin gara ba ta cin su da wuri. Irin haƙar da muka gada hawa biyu ce. A fara buɗe babban rami mai faɗi, shi muke kira uwa. A tsakiyarsa a yanka ƙarami mai tsawon karan, faɗinsa daidai kafaɗar mutum in ya kwanta ta gefe, shi ne ɗa. In an sa mamaci a cikin ɗan, sai a jera itace a kan bakinsa, a toshe kafofi da tsingaron tukunya da ganyen sabara, a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura busasshiya. Kowa zai iya haddace wannan a zama ɗaya. Abin da ba a haddacewa shi ne ƙasar.

Maƙabartarmu ƙasa uku ce a wuri ɗaya. Mafi yawanta jigawa ce, yashi mai sauƙin haƙa mai saurin ruftawa. Gefen da ya gangara rafi laka ce, da damina ruwa ke kwanciya a cikinta. Sai kusurwar arewa, gindin tsamiya, jar ƙasa mai tauri. Kawu kan damƙi ƙasa a hannu ya matse ya buɗe. In ta tsaya dunƙule ya san abin da za ta ɗauka, in ta watse ya san abin da ba za ta ɗauka ba. Shekara biyu ina matse ƙasa a bayansa kafin hannuna ya fara jin abin da nasa ke ji.

A shekarata ta biyu Kawu ya kai ni zauren Liman Sanda, mahaifin Limaminmu na yanzu. Ya ce a karanta mini babin jana'iza, domin shi bai yarda mutum ya riƙa rufe Musulmi bai san hukuncin abin da yake yi ba. Liman ya riƙa zama da ni bayan la'asar, yana karanta Larabci yana fassara mini. A nan na ji cewa irin haƙarmu sunanta shaƙƙu. Akwai wata kuma, lahadu, wadda ake haƙa rami ɗaya, sannan a ƙwaƙule wani lungu a gindin bangon da ke wajen alƙibla, a shigar da mamaci ciki, a toshe bakin da ɗanyen tubali. Ya ce a Madina, zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, masu haƙa biyu ne, ɗaya na lahadu ɗaya na shaƙƙu, kuma ba a hana kowannensu aikinsa ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Ban taɓa zaton akwai masu irin sana'armu a cikin littafi ba.

Liman Sanda Bamalike ne kamar kowa a ƙasar nan, amma bai ɓoye mini maganar sauran ba. Ya ce mazhabobin nan huɗu duk sun fifita lahadu in ƙasa tana da tauri, duk kuma sun koma shaƙƙu in mai ruftawa ce. A zurfi ne suka rabu. Malamanmu na Malikiyya ba su son a zurfafa ƙwarai, abin da zai tsare wari ya hana dabba tonewa ya isa. Hanafawa sun ce daga rabin tsayin mutum zuwa ƙirjinsa. Shafi'awa sun fi son tsayin mutum ya miƙa hannuwansa sama. Hambalawa su ma suna son a zurfafa a yalwata. Hatta tulin ƙasar sama, uku sun ce a yi masa tozo, Shafi'awa sun ce a baje shi. Na tambaye shi wa ya fi gaskiya a cikinsu.

"Bawa, mutanen ga ba faɗa sunka yi ba," in ji shi. "Kowa ya ɗauko abin da ya iske ga malamansa, kowa kuma da irin ƙasar da ya zauna. Kai riƙe naka, ka san na maƙwabcinka, kada ka zagi kowa."

Wani rani muna Gummi muna haƙar rijiya na ga amfanin wannan magana. Zamanin ana kawo malaman makarantar boko daga Pakistan. Matar ɗaya daga cikinsu ta rasu, aka rasa wanda zai yi masa irin haƙar da yake so, aka zo wurin Kawu. Mutumin dogo ne sosai, Kawu kuwa gajere. Ta bakin tafinta ya ce lahadu yake so, zurfi zuwa ƙirji. Mutanen da ke tsaye suka fara gunaguni, wai baƙo zai kawo mana abin da ba mu gada ba. Kawu ya duba mutumin daga sama har ƙasa.

"Tambayo min shi, ƙirjin wa? Nashi ko nawa?"

Har mai makokin sai da ya murmusa. Kawu ya ce wa masu gunaguni Bahanafe ne, haka malamansa suka koya masa, kuma matarsa ce. Sai da muka zagaya maƙabartar Gummi sau biyu yana matse ƙasa kafin ya yarda da wuri. Ni na shiga na ƙwaƙule lungun yana tsaye a kaina, yana cewa in bar rufin lungun ya yi baka kamar bakin tanderu, kada in yi shi a miƙe. A nan na koyi lahadu. Na faɗi wannan ne don wasunku sun ɗauka ƙin lahadu nake yi, ko ban iya ba.

Babban kuskurena na yi shi a jar ƙasa. Kawu yana kwance da zazzaɓi, aka kawo kara, na tafi ni kaɗai. Na ga wuri a share a bakin kusurwar, ba tozo ba tsingaro, na ce fili ne. Ban kai gwiwa ba diga ta ɗago ƙashin haƙarƙari, fari, bai ko fashe ba. Na mai da shi, na rufe, na haƙa wani wurin, na je na gaya wa Kawu. Da zazzaɓin ya tashi ya ja ni har wurin. Ya ce wanda ke nan an rufe shi tun shi kansa bai fara riƙe diga ba. Yashi yana cinye mutum cikin 'yan shekaru, in ji shi, amma jar ƙasar nan ajiya take yi. Bai zage ni ba. Abin da ya yi, kwana bakwai yana zagayawa da ni yana faɗa mini wa ke kwance a ina, ina maimaitawa, har na riƙe maƙabartar duka a kaina. Liman Sanda kuma ya ce a Malikiyya kabari hubusi ne na mai shi, wato an tsare masa shi, ba a buɗewa matuƙar akwai sauran wani abu nasa a ciki.

Bayan rasuwar Kawu na yi shekaru ina aikin ni kaɗai. Masu zuwa wurina ba su zuwa cikin hayyacinsu, wannan sai mai sana'ar ya sani. Wani zai zo yana faɗa wai ka yi jinkiri, alhali yanzu karan ya iso. Wani zai tsaya a bakin rami yana ba ka umarni bai taɓa riƙe shebur ba. Ba a mai da musu magana. Na haƙa wa Fulani a ruga can bayan Nasarawa Burkullu, inda ake tara ƙaya a kan kabari saboda kura. Na haƙa a marka ina kwarfar ruwa da ƙwarya. Abin da aka ba ni na karɓa, wanda bai ba ni ba ban bi shi ba, da kaka kuma ana aiko mini da dami.

Shekarar dalma ba sai na gaya muku abin da ya kawo ta ba. Duwatsun zinare aka riƙa kawowa cikin gidaje ana daka ana niƙa, ƙurar mai gubar dalma ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Mu nan da Yargalma da Tungar Guru duk abu ɗaya muka gani. Ni ta kara na fara gane akwai abin da ke faruwa. Karan da ake kawo mini ya koma gajere. Wani bai kai tsawon hannuna ba. Da bazara ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Kabarin yaro ba shi da zurfi, in ka yi shi a yashi ruwan farko zai buɗe shi ko kare ya tone, don haka na kai su jar ƙasa, inda ya rage fili daga tsamiya zuwa shinge. Sai na zuba ruwa ya jiƙa kafin diga ta shiga. Wata rana in haƙa biyu, wata rana in gama in wanke hannu a sake kawo kara. Itacen ƙirya ya ƙare, marke ya ƙare. Mata suka riƙa aiko da randunansu da tukwanen tuwo a fasa a rufe da su. Na jera yaran layi-layi, ina ƙirgawa daga gindin tsamiya don kada in ɓata. Ta huɗu a layi na biyu Dije ce, autata, ba ta cika shekara uku ba. Ni na auna karan, ni na haƙa.

Daga baya likitoci suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, mutuwar ta lafa. Tozon kabarin yaro ɗan ƙarami ne. Damina ta bi ta kansu shekara da shekaru, shanu sun tattake tsingaron, ciyawa ta rufe. Kun san al'adarmu, uba ba ya zuwa yana nuna kabarin ɗansa, uwa kuma ba ta shiga maƙabarta. Wasu iyayen sun rasu, wasu rashin zaman lafiya ya tashe su zuwa Gummi da Anka. Wurin ya koma kamar fili. Ba wanda ya san iyakarsa sai ni.

Shekara biyu da suka wuce kuka kafa kwamiti a masallaci, kuka sayi sababbin shebur da baro, kuka ce Baba ya huta. Niyyarku mai kyau ce, bayana ma ya fara ba ni wahala. Amma da na ce a bar ni in riƙa nuna wuri, wani a cikinku ya yi dariya ya ce, "Baba, rami ne fa." Na ji haushi. Na rataye digata na koma gonata, ban faɗa wa kowa komai ba. Kawu ya zagaya da ni kwana bakwai da zazzaɓi a jikinsa, ni kuwa saboda magana ɗaya na riƙe abin da ba nawa ba. Wannan laifina ne, kuma na amsa shi.

Alhaji Mamman ya rasu da safiyar wata Talata cikin marka. Babban ɗansa Kabiru, wanda kuke kira Ustaz, ya yi karatu mai zurfi a Sakkwato, kuma shi ne shugaban kwamitinku. Da hantsi ina gyara ƙotar fartanya a ƙofar gida sai matata, Innar su Dije, ta dawo daga rijiya. Hanyar rijiyar ta bi ta bayan shingen maƙabarta. Ta sauke tulu ta tsaya a kaina.

"Ana haƙa gindin tsamiya," in ji ta. 

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Na iske ku shida. Kun fara a jigawa, kun ƙwaƙule lungu sau biyu yana ruftawa, sai kuka ga jar ƙasa a share kuka koma can. Ramin ya wuce idon sawu, kuma a kan ƙasar da kuka tulo na ga tsingaron randa. Taƙi ɗaya ya rage. Ban yi sallama ba. Na shiga na zauna.

"Subhanallahi! Baba, lafiya?" in ji Kabiru.

"Lahiya lau. Sai dai in za ku ci gaba ku hwara da ni."

Wani ya ce a ɗaga tsohon nan, hadari na haɗowa. Na dube shi, Sani ne ɗan gidan Tukur, shebur a hannunsa.

"Sani, matsa baya kaɗan, kana tsaye bisa ƙanenka. Nan Habu yake, taki ukku daga inda nike. Wanga da kuke shirin buɗewa ɗiyar Maidamma ce."

Na bi layin ina kiran suna da gidan kowa, na farko, na biyu, har na uku. Sani ya ajiye shebur ya koma bakin shinge ya tsuguna. Kabiru ya bari na gama. Ba zan zalunce shi ba, bai ɗaga mini murya ba.

"Baba, Allah ya jiƙansu. Wallahi ban sani ba, ina makaranta lokacin. Amma shekara goma sha biyar ke nan, kuma ƙananan yara ne, ƙashinsu bai yi ƙwari ba. Malamai sun halatta a sake haƙa wuri in wanda ke ciki ya zama ƙasa. Mahaifina wasiyya ya bar mini a yi masa lahadu. An yi masa wanka, an sa likkafani, yana can ana jira."

"Ba su zama ƙasa ba."

"Wa ya ce?"

"Ni."

"Baba, da girmanka, wannan magana ce ta ilimi."

"To a kira masu ilimi. Ni ina nan."

Aka tafi aka zo da Liman Abdu, ɗan Liman Sanda, da dattawa biyu. Liman ya tsaya a bakin ramin ya leƙo ni.

"Bawa, wa ya kawo karanka ban ji ba?"

"Allah gafarta Malam, ni na kawo kaina."

Kabiru ya maimaita hujjarsa, ya kawo maganar Shafi'awa da ta Hambalawa, ya jawo Larabcin da ka. Liman ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Ka karanta daidai, Malam Kabiru. Mu Malikawa mun tsananta, su sun sassauta in mamaci ya ƙare. To mu bar namu, mu bi naka. Su waɗanda ka ambata, da anka tambaye su shekara nawa mutum ka yi kahin ya zama ƙasa, nawa sunka yanke?"

Kabiru ya ce, "Ba su yanke ba. Sun ce ya danganta da ƙasa."

"To wa sunka ce a tambaya?"

Kabiru ya san amsar. Zai iya cewa ya manta, ba wanda zai kama shi a cikinmu. Bai yi haka ba.

"Sun ce a koma ga masana ƙasar wurin."

"To ga shi nan zaune cikin rami," in ji Liman. "Tambaye shi."

Wannan ban taɓa jin sa ba, ko a wurin Liman Sanda. Manyan malaman nan da duniya ke bin maganarsu sun zo kan wannan gaɓa suka tsaya, suka ce ba su ne za su faɗa ba, mai diga ne. Kabiru ya juyo ya tambaye ni, a gaban kowa. Na gaya masa ƙashin da na taɓa ɗagowa a bakin kusurwar nan, da shekarun da ya yi a ciki. Na ce ya sa hannu ya matse ƙasar da suka tulo. Ya matse, ta tsaya dunƙule. Ya ce wa yaransa a mai da ƙasa. Na fito, aka mayar, na gyara tozon da hannuna.

Sai ya matso kusa da ni, ya rage murya yadda sauran ba za su ji ba.

"Baba, na ji. To wasiyyar mahaifina fa? Na riƙe hannunsa na ce zan yi."

Akwai wuri ɗaya. A farkon layi na biyu, layin da Dije take, tsakanin kabari na farko da saiwar tsamiya, akwai jar ƙasa da ba a taɓa haƙawa ba, tsawon babban mutum ɗaya, ba ƙari. Shekara goma sha biyar ina tsallake shi. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba, ban kuma roƙi kowa ba, na dai san in lokacina ya yi zan samu wanda zan nuna wa. Na karɓi karan Alhaji Mamman na je na shimfiɗa. Ya shiga daidai, da saura ɗan yatsa huɗu.

Liman ya biyo ni. Ya duba wurin, ya duba layin, ya gane.

"Bawa, wanga wurin ai..."

"Allah gafarta Malam, hadari na tahowa. A aika gida a ɗauko min dagina."

Ku kuka buɗe ramin, ina tsaye ina nuna muku inda diga za ta tsaya. Ku tambayi waɗanda suka yi, tafin hannunsu ya gaya musu bambancin jar ƙasa da yashi. Da aka kai ƙirji na shiga da dagi na ƙwaƙule lungun a bangon gabas, na yi masa baka. Kabiru ya kwance ɗanyen tubali daga katangar da mahaifinsa ya fara bai gama ba, aka kawo a baro. Shi ya shiga ya kwantar da mahaifinsa, ni na jera tubalin na shafe. Kafin azahar an gama. Ruwa ya sauko muna kan hanyar komawa, ya yi kwana biyu yana zuba. Rana ta uku na je na duba, ko tsaga babu.

Yanzu jar ƙasa ta ƙare. Daga tsamiya zuwa shinge ba sauran inda za a sa ko jariri. Na fara zagayawa da Kabiru da Sani ranar Alhamis da safe, suna rubuta sunaye a littafi, kuma duk wanda ke riƙe da shebur ɗin kwamiti ya kamata ya zo. Ba roƙo nake yi ba. Wanda bai san wa ke kwance a ina ba, bai cancanci ya sari ƙasar nan ba, komai yawan karatunsa.

Abin da ya rage muku yashi ne, kuma a yashi za ku sa ni. Don haka ku saurara. Kada wani ya ce zai girmama ni da lahadu, zai rufta a kaina tun ba ku bar wurin ba. Shaƙƙu za ku yi. Ku buɗe uwar da faɗi fiye da yadda kuke zato, ku kwantar da bangonta kaɗan, kada ku tsaya a bakin ɗan da nauyinku. In da damina ne ku nisanci gefen rafi. Itacen ya zarce bakin ramin da taƙi guda kowane gefe, domin yashi ba ya riƙe gajeren itace. Na sari ƙirya na jingine a bayan rumbuna, ta ishe ni ta ishi Innar su Dije.

Na san ranar wani mai tausayi zai tashi a cikinku ya ce a nemo wa Baba ɗan wuri a gindin tsamiya, ko da matsawa ne, ya kwanta kusa da 'yarsa. Ku hana shi. Babu wuri. Na auna.